Ka Dawo Ka Janye Abin da Ka Faɗa a Kan Isyaku

Zuwa ga Babban Jami'in da aka damƙa wa aikin feshin maganin sauro na daminar bana a yankinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Ya aiki, ya iyali, ya damina, ya fama da jama'a? Allah Ya sa kana cikin ƙoshin lafiya. Na yi gaisuwar nan ne don haka iyayena suka koya mini, amma ka sani ba da daɗin rai na ɗauki biro ba.

Sunana Hajara, daga wani ƙauye a mazaɓar Kafin Dafga. Ni ce matar da ke shiga gidaje kafin masu feshi su shiga. Damina bayan damina ina wannan aiki tare da yayana Isyaku, wanda ke goya tanki, kuma shi ne ladanin masallacin unguwarmu. Ka san mu, mun san ka. Na yi ta sintiri ofishinka, yau a ce ka fita, gobe a ce kana taro, jibi a ce in dawo. Tunda ƙofarka ta ƙi buɗuwa, kuma maganar da ka yi a kanmu a bainar jama'a ka yi ta, ni ma ga tawa a bainar jama'a. Yayana yana kwance an ɗaure masa haƙora da waya, ba ya iya buɗe baki, ni ce bakinsa.

Na ɗaya. Bari in faɗi yadda ake aikin nan, ba don kai ba, don masu karatu. Feshi ba zuwa kawai ake yi a hau bangon mutane da magani ba. Kafin mu taka gari sai an je wa mai gari. Shi zai sa a faɗa a masallaci, ya sa mai shela ya zaga unguwanni, mata su ji da wuri su fitar da randuna da tukwane da hatsi, su tattara shimfiɗa a tsakiyar ɗaki a lulluɓe da leda. Ranar aiki sai ya haɗa mu da wakilinsa, dattijon da kowa ya sani, ya shige mana gaba. Ni zan yi sallama in shiga, in duba an kwashe abinci da yara da kaji, mata su koma maƙwabta. Sai maigida da bakinsa ya ce bismillah sannan mai feshi zai wuce zaure. In an gama a yi alama da alli a jikin ƙofa. Haka muke yi a Kafin Dafga, haka muke yi a mazaɓar Yammedi, ba a taɓa ko ɗaga mana murya ba. Kai ma ka san wannan tsari, domin kai ka tsaya gabanmu ka karanta mana shi ranar horo.

Na biyu. Bana ruwa ya sauka da wuri, aiki ya yi baya, aka ce manya za su zo duba aiki. Sai ka ɗebe mu daga ƙasarmu inda har karnuka sun san mu, ka tura mu wani ƙauye a gefen Rogo inda ba mu da kowa. Ba zan ambaci sunan garin ba, abin da ya same su na kunya ya ishe su. Isyaku ya tambaye ka ko an gaya wa mai gari. Ka ce an sanar, an gama komai, mu dai mu tafi. Ina tsaye a wurin, da kunnena na ji.

Mu huɗu muka tafi a kan babura biyu: ni da Isyaku da wasu masu feshi biyu. Da hantsi muka isa, muka tarar da gari shiru. Ashe ranar kasuwar Rogo ce, mai gari da dattawa da yawancin magidanta duk sun tafi. Ba wakili, ba wanda ya ji an yi shela. Isyaku ya kira ka a waya ya ce gara mu koma. Ka ce in ya koma ya ajiye tanki, akwai masu jiran aikin a layi. Ya ce to ai ba a feshi ba maigida. Ka ce to a sa kayan aiki cif, a tsaya a ƙofofin gidaje a ɗauki hoto a turo maka, a yi alamar alli a gidajen da mata suka yarda, in mazan sun dawo a fesa. Hoton kake so, domin ka nuna wa manya an shiga garin.

Yallaɓai, don girman Allah ka rufe idonka ka kalli abin da ka aika. Gari ne a bakin iyakar jiha, da rani masu garkuwa da mutane sun ɗauki mutum a maƙwabtansu, kowa a tsorace yake kwana, kowa yana cewa sai an fara turo masu leƙen asiri su nuna gidaje kafin a zo. Cikin wannan hali sai ga baƙin maza a kan babura, fuska a rufe da takunkumi da tabarau, kai da hular kwano, kowa da wani abu a goye da dogon baki a hannu, suna bin ƙofofi suna zane da alli suna ɗaukar hoto, a ranar da suka san maza ba sa gari. In a garinku aka ga haka, me za a ce?

Na uku. Ga abin da ya faru, kuma zan faɗe shi dalla-dalla tunda ba ka ga dama ka zo ka ji ba.

Ina cikin gidan wata baiwar Allah mai suna Rabi, matar aure mai goyo. Ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta ce sauro ya hana ɗanta barci, jikinsa duk ƙuraje. Muna kama randa ni da ita za mu jawo ta waje, sai na ji ihu daga titi: “Ga su nan! Infoma ne! Kada ku bari su gudu!” Na ji babur ya tashi da ƙarfi. Abokan aikinmu biyu ne suka tsere, kuma ban ga laifinsu ba. Isyaku bai gudu ba, saboda ina ciki.

Kafin in fito zaure an riga an kai shi ƙasa. Samari ne da suka baro gona da gudu, wasu da fartanya, wasu da gora, wasu da adda. Na ga ya ɗaga hannu zai cire takunkumi ya yi magana, wani ya sauke masa gora a kan hannun, na ji ƙarar yatsun. Ya ɗaga ɗayan, aka sake. Wani ya kai masa sara, addar ta tsinke igiyar tanki ta shiga kafaɗa. Tankin ya fashe, maganin ya kwarara a kansa, ya shiga cikin saran, ya shiga idonsa. Wayyo Allah, irin ƙarar da ya yi ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ta ba, kuma ɗan'uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Hular kwanon ta faɗi, wani dogo mai jar riga ya ja da baya ya auna, ya ɗirka masa gora a muƙamuƙi. Daga nan bai ƙara yin ƙara ba. Jini ya cika takunkumin yana ɗiga ta ƙasa.

Na kutsa cikinsu ina ihu ina cewa ma'aikatan lafiya ne, feshin sauro ne, ku ji tsoron Allah. Wa zai ji? Na faɗa a kansa na rufe shi da jikina. Sun ba ni nawa rabon, har yau ba na iya ɗaga hannun hagu in ɗora tulu. Wani ya ja ni da hijabi ya wurgar gefe kamar buhun ƙaiƙayi, ya ce ni ce 'yar rakiyarsu, a gama da shi a dawo kaina. Ina kwance a taɓo na ga an gangaro da tsohuwar taya. Na ga an miƙo kwalbar fetur daga hannu zuwa hannu. Na ji warinsa lokacin da suka tuttula masa. Wallahi tallahi na riga na sallama, salati kawai nake yi, ina tunanin da wane baki zan gaya wa mahaifiyarmu.

Sai Rabi ta fito. Matar da ke cikin kulle, wadda aka ce ko ƙofar gida ba ta leƙawa, ta fito ba mayafi ba takalmi, goyonta a baya. Ta ratsa maza ta tsaya a kansa, ƙafafunta cikin fetur. Ta fizge ashana daga hannun mai shirin ƙyastawa, ta kira shi da sunansa da sunan uwarsa, ta ce in zai ƙona shi sai dai ya haɗa da ita da ɗanta. Ta rantse da Allah cewa bawan Allahn nan bai ko taka zaurenta ba, ƙanwarsa ce kaɗai ta shiga, kuma maganin sauro suka kawo. Tsayuwar da ta yi ce ta sa suka ɗan ja baya, har limamin garin, tsoho tukuf mai dogara sanda, ya iso. Ya durƙusa ya cire takunkumin da hannunsa. Haƙora suka zubo tare da shi. Ya kara kunne ya ji Isyaku yana ƙoƙarin kalmar shahada da karyayyen baki. Tsohon nan ya fashe da kuka, samarin suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya.

A amalanken shanu aka fitar da shi zuwa bakin titi, ni ina riƙe da haɓarsa da hannu don kada ta rabu. Na kira ka a hanya. Wayarka ta yi ta ƙara har ta gaji.

Na huɗu, kuma nan ne dalilin wannan wasiƙa. Da aka zauna gaban hakimi don a ji ba'asi, muna asibiti a Kano, ba wanda ya kira mu. Mai gari ya rantse ba a sanar da shi ba. Kansila ya ce lallai ka kira shi a waya, amma yana birni, ya zaci sai wani makon. Ashe sanarwar ke nan! Ka tsallake mai gari ka kira ɗan siyasa. Mutane suna cewa don mai garin ba ya ɗasawa da waɗanda suka ba ka aikin ne, wannan kai da Allah. Da ka ga magana za ta dawo kanka, sai ka miƙe a gaban hakimi da dagatai da limamai, ka shafa wa idonka toka, ka ce ofis ya yi nasa, ma'aikacin ne ya karya doka, ya shiga gidan matan aure ba izini, shi ya sa jama'a suka fusata.

Tir! Ka ji min ƙarya ƙiri-ƙiri. Kana ina lokacin? Wa ya gaya maka? Ko waɗanda suka doke shi ba su faɗi haka ba, su infoma suka ce. Kai kaɗai ka ƙirƙiro wannan, kana zaune a inuwa, a kan mutumin da ka san ba zai iya buɗe baki ya kare kansa ba.

Kada wani ya zaci na wanke samarin nan. Ban wanke su ba, ban yafe ba. Mai jar riga na riƙe fuskarsa, ko cikin dubu zan nuna shi, kuma za mu haɗu gaban alƙali. Amma su tsoro ne ya haukata su, kuma iyayensu sun tako har asibiti sun durƙusa suna kuka. Kai da hankalinka kwance ka yi naka, kuma ko sannu ba ka aiko ba.

Na biyar. Ka san abin da maganarka ta yi a garinmu? Kafin mu dawo daga Kano ta riga mu isowa. Mutumin da tun yana saurayi yake tashin gari sallar asuba, yau ana ƙus-ƙus a majalisa ana cewa ashe ladan leƙen matan mutane yake yi da sunan feshi. Dattawan masallaci sun zo dubiya, suka zauna suna sunkuyar da kai, daga ƙarshe suka ce ko ya warke ya ɗan dakata da kiran sallah har magana ta fayyace. Yana jin su, ba halin amsawa. Hawaye kawai na ga yana bi ta gefen kunnensa. Da cokali muke ɗura masa kunu ta tsakanin waya, yatsun hannun dama sun ƙage, ido ɗaya dishi-dishi yake gani. Duk wannan ya ɗauka da haƙuri, ban ji ya yi ko nishin ƙorafi ba. Ranar da dattawan nan suka fita ne ya juya fuska bango ya ƙi karɓar kunun. 'Ya'yansa mata sun daina zuwa rijiya da rana saboda habaici.

Na shida. Rabi. In ba ka san sunanta ba yau ka sani. Mijinta ya dawo daga kasuwa ya ji matarsa ta fita tsakiyar maza ba mayafi saboda wani baƙo. Ransa ya ɓaci, amma liman ya ba shi baki ya haƙura. Sai ga maganarka ta iso, cewa babba daga ofis ya faɗa gaban hakimi baƙon cikin gida ya shiga. Wane gida? Ai kowa ya san a ƙofar wa aka doke shi. Mutumin ya haɗa wannan da wancan, abokai suka ƙara masa gishiri, ya rubuta mata saki ɗaya. Yanzu tana gidan mahaifinta da ɗan goyonta, tana idda a kan abin da ba ta yi ba.

Na ɗaure hannuna na koma garin da aka so ƙona mu, na sami mijin a zaurensa. Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Bai wulaƙanta ni ba, har ruwa ya sa aka kawo mini. Ya ce shi ma ba ya iya barci, yana son matarsa, amma ni ƙanwar mutumin ce, dole in kare shi, kuma shi ba zai iya yawo a gari ana nuna shi da baki ba. Ya ce wanda ya faɗi maganar a gaban manya shi zai zo ya janye ta a gaban manya, a ranar zai je biko da kansa. Yallaɓai, idda ba ta jiran a gama taro a ofis. Kullum gari ya waye raguwa take yi.

Matar nan ba ta san mu ba, ba ta haɗa komai da mu ba. Ta tsaya cikin fetur da jariri a baya ta ceci ma'aikacinka, ta cece ka daga ɗaukar alhakin rai. Sakayyar da ka yi mata ke nan.

Ga shi kuma garin har yau ba a fesa ko ɗaki ɗaya ba. Ba mai feshin da zai yarda ya je, su ma ba za su buɗe ƙofa ba. Kududdufai sun cika, dawa ta rufe bayan gidaje, sauro sai ka ce ana zuba shi da kwarya. Ranar da na je, gida uku na shiga gaisuwa, ko'ina da yaro kwance jiki zafi rau. Aikin da aka ba ka ke nan, kuma ga inda ka kai shi.

Don haka ga buƙatuna, ba su da yawa.

Ka koma gaban hakimin nan, a tara mutanen da aka tara a wancan zama, ka faɗa da bakinka cewa Isyaku bai shiga gidan kowa ba, kai ka tura mu ba tare da sanin mai gari ba, kai ka ce a sa takunkumi a ɗauki hoto a yi zane.

Ka je garin su Rabi ranar Juma'a, ka tsaya a ƙofar masallaci bayan an sallame, ka maimaita, mijinta yana ji. Kada ka aiko wakili, kada ka aiko takarda. Ba takarda ka aika ranar da ka ɓata su ba.

Ka zo masallacin unguwarmu ka gaya wa dattawa haka nan, don ranar da aka cire wa yayana waya, in Allah Ya sa muryar ta dawo, ya samu inda zai kai ta.

Sannan ina roƙon duk wanda ke sama da kai, in wannan wasiƙa ta kai gare shi, kada a sake tura ɗan kowa wani gari da rufaffiyar fuska sai mai gari ya sani, an yi shela, wakilinsa yana gaba. Masu goya tankin nan 'ya'yan mutane ne.

Ban ce a kore ka ba, ban ce a ɗaure ka ba. Magana ce ka faɗa, ka dawo ka ɗauke abarka. Na san da nauyi babban mutum ya tsaya gaban jama'a ya ce na yi ƙarya, amma bai kai nauyin abin da ka ɗora wa mutum biyu ba.

Abu na ƙarshe. Mahaifiyarmu tana da rai, ta tsufa, ba ta gani sosai. Tun da abin ya faru ba ta zagi kowa ba, ba ta ɗaga murya ba. Da na gaya mata zan rubuta maka, ta ce in gaya maka har yanzu ba ta ce Allah Ya isa ba. Ta ce ta riƙe ta a bakinta, tana ba ka dama, domin kai ma wata ce ta haife ka. Amma ranar da iddar yarinyar nan ta cika ba ka zo ba, za ta yi alwala ta fuskanci gabas ta faɗa, kuma ba za ta janye ba har ta koma ga Mahaliccinta. Ni na san Inna, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Allah Ya ba ka lafiya da nisan kwana. Allah Ya tsare 'ya'yanka daga faɗawa hannun fusatattun mutane, Ya tsare matan gidanka daga ƙazafi. Allah Ya ba ka ƙarfin zuciyar da za ka tako ka faɗi gaskiya tun lokaci bai ƙure maka ba.

Wassalam.

Hajara, ƙanwar Isyaku mai feshi,
daga mazaɓar Kafin Dafga, Karaye.